Maki Ɗari da Sha Huɗu a Cikin Firiza

Shekara tara cur Wening ta yi tana shan kashi a hannun Koh Afung, kowace Lahadi bayan Azahar, a barandar gidan yayanta da ke garin Malang, kuma ba ta taɓa fashin zuwa ba sai da ciwo. In aka ce mata wannan ai neman wahala ne, sai ta ce ita don soyayyar ayaba take zuwa. Ƙarya take yi. Abu ɗaya ne ke kawo ta: ta ga ranar da makinta zai hau kan na tsohon nan, a rubuce, da sa hannunsa a ƙasa.

Su huɗu ne a teburin. Da ita, malamar lissafi a sakandare, wanda shi ne ya ƙara wa abin ciwo. Da yayanta Mas Gunarso, wanda ya yi ritaya ya dawo gida da akwatin kayan gyara da lokacin da ya rasa inda zai kai shi. Da maƙwabciyarsa Mbak Tarsih mai ɗinki, wadda bakinta ya fi almakashinta kaifi. Sai Koh Afung, tsohon mai gyaran agogo, shekara saba'in da ɗaya, mai wasa a hankali kamar ba ya so, amma a ƙarshe a ga shi ne a sama.

Wasan da suka fi so suna kiransa Gadoji. Ƙwayoyi ne guda biyar masu ɗigo-ɗigo irin na lido, a watsa su a tsakiyar tebur, kowa ya zaɓi biyu ya rubuta a takardarsa. A kan takardar akwai zanen tsibirai kala-kala, kana cike gurabe kana haɗa tsibiri da tsibiri, a ƙarshe a ƙirga maki. Ba kuɗi a ciki, ba komai, amma ka ji musun da ake yi a kai sai ka ɗauka gado ake rabawa. Gunarso ya ce dabara ce zalla. Tarsih ta ce cike fom ne irin na ofishin gwamnati, bambancin kawai nan ana ba ka shayi. Wening kuwa ra'ayinta ya danganta da yadda ranar ta kaya: in ta zo ta biyu dabara ce, in ta zo ta ƙarshe sa'a ce kawai.

"Ƙwaya ba ta san kowa ba, Malama," Koh Afung kan ce mata. "Abin da ta ba ni shi ta ba ki."

Wannan maganar ta fi shan kashin ƙona mata rai, don gaskiya ce.

Teburin yana da doka guda, kuma Koh Afung ne ya kafa ta: abin da ba ya kan takarda bai faru ba. Wanda ya yi abin a zo a gani, kowa zai sa hannu a takardarsa a ajiye ta cikin murfin kwalin wasan. An kafa dokar ne saboda Gunarso, wanda ya taɓa rantsuwa ya ci ɗari da talatin wata ranar da tsohon bai zo ba, aka ce ina takarda, ya ce matarsa ta naɗe kifi da ita. Shekara shida ke nan, har yau in Tarsih tana son ta tsokane shi sai ta tambaye shi lafiyar kifin.

To, takardun ne suka fara ƙarewa. Masu buga wasan sun daina bugawa tuntuni, kundin da ya zo a kwalin kuma ya rame har saura takwas. Da an bi ta Wening, da an kai shagon fotokwafi an huta. An ma kai sau ɗaya, tsibiri kore da tsibiri ruwan ɗorawa suka fito kala ɗaya, aka yi Lahadi biyu ana faɗa. Daga nan Gunarso ya ce a bar masa, shi zai samo hanyar da takarda ɗaya za ta yi aiki har abada. Tun ranar Wening ba ta sake samun kwanciyar hankali ba.

Ya fara da fensir da abin gogewa, takarda ta huje a mako na uku. Ya sayo injin laminetin ya rufe biyu cikin leda, ya kawo alƙalamin rubutun allo. Gumin hannun Tarsih ya share mata rabin tsibiranta ana tsakar wasa, hasken rana kuma yana dukan ledar yana kashe wa Koh Afung ido. Ya yanko gilashi ya ɗora a kan takarda, gilashin ya zame kaɗan, kowace lamba ta koma gurbin maƙwabciyarta. A ƙarshe ya gano wani biro da zafi ke ɓatar da tawadarsa. A yi rubutu ranar Lahadi, ranar Asabar ya bi takardun da dutsen guga, su koma fes, ya cakuɗa su ya raba wa kowa. Wannan kam ya yi aiki, kuma ba wanda ya isa ya zauna bai ji labarin ba.

"Mas, kai fa ba wasan kake so ba," Wening ta ce masa wata rana. "Gugar kake so."

"Ki dai gode wa Allah da Ya ba ki yaya mai ƙwaƙwalwa, Ning."

Mako goma sha ɗaya aka yi a haka, sai ga Lahadin ƙarshe ta Koh Afung. 'Yarsa ta matsa ya koma wurinta a can garin Pontianak, ya sayar da shagon, kayansa sun riga sun yi gaba. Ƙarfe biyar mota za ta zo har ƙofar gidan Gunarso ta kai shi filin jirgi a Surabaya. Ya zo da ƙaramar jaka da rigarsa mai dogon hannu ta zuwa biki. Wening ta san yau ce ko babu, ta ɗauki biron.

Kuma ranar ƙwayoyi suka so ta. Duk lambar da take jira sai ta faɗo. Ta haɗa tsibirai uku na gabas, abin da ba ta taɓa yi ba, ta toshe guraben da ke cin maki, har aka yi jifa ta ƙarshe. Ta ƙirga sau uku. Tarsih ta karɓa ta ƙirga da yatsa, Gunarso ya ƙirga da waya. Ɗari da sha huɗu. Koh Afung yana da ɗari da sha ɗaya.

Tsohon ya gyara tabarau, ya bi takardar tata gurbi-gurbi kamar yana duba cikin agogo. Sannan ya ɗauki biron ya sa hannu, ya miƙa wa sauran.

"Kin ci ni, Malama."

Wening ta ji hawaye na neman kunyata ta. Daidai nan aka kira La'asar, wadda a garin takan shiga tun kafin ƙarfe uku, ta miƙe da sauri ta ce bari ta yi salla. Ta ɗora kofin shayinta a gefen takardar don kada iska ta ɗauke, ta shiga ciki. Ta daɗe a kan sallaya fiye da kullum, don tana da godiyar da za ta yi.

Da ta fito, barandar ta yi tsit. Tarsih ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Koh Afung yana kallon silin. Gunarso na tsaye kusa da injin laminetin da ya jawo daga ɗaki, hannayensa a baya.

"Ina takardata?"

"Ning, zauna tukuna."

"Mas, ina takardata?"

Ya fito da ita. Tana cikin leda, a miƙe, tana sheƙi, gefunan ma ya yanke su da kyau. Tsibiran suna nan da kalarsu. Rubutu kuwa ko ɗigo babu: ba lamba, ba ɗari da sha huɗu, ba sa hannu.

"So na yi in adana miki ita," ya ce a hankali. "Don kada ruwa ya taɓa."

"Injin nan da me yake manna leda?"

"Da... zafi."

"Biron kuma me ke goge shi?"

Ya dubi injin, ya dubi takardar.

"Mako goma sha ɗaya kana guga! Kowace Asabar! Babu wanda ba ka yi wa lacca a kan zafi da tawada ba, har mai kawo gas sai da ka tsare shi a ƙofa ka yi masa bayani! Duk garin Malang kai kaɗai ne ka fi kowa sanin abin da zafi ke yi wa biron nan, kuma kai ne ka ɗauki takardata ka cusa a cikin wuta?"

"Ba wuta ba ce, ɗumi ne kawai..."

"Gyaran gangar Auzinawa," in ji Tarsih, dariyar ta ƙwace mata. "Yi haƙuri, Ning, wallahi ba ke nake wa ba. Amma doka doka ce fa. Yanzu ke da mai kifi kun zama ɗaya."

Wening ta zauna. Da yaro ne a ajinta ya yi mata haka, da ta san abin da za ta yi masa. Amma wannan yayanta ne, da furfura, yana tsaye yana murza hannu, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san da zuciya ɗaya ya yi. Mugu ma ya fi sauƙin sha'ani, don shi ana iya zaginsa a huta.

Kafin ta ankara Gunarso ya ɗauki hoton farar takardar ya tura zauren 'yan wasan ƙwaya na garin a waya, mutum kusan ɗari biyu, yana neman shawara. Wayar Wening ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wani ya ce shi ya sa shi ba ya wasan rubutu, wasan kati ya fi mutunci. Wani ya ce laminetin ake fara yi kafin rubutu, ko jariri ya san wannan. Wata ta rubuta: wai Malama Wening ta ci Koh Afung? Ina shaida? Aka bi ta da fuskokin dariya har layi uku.

"Ka gaya wa duniya kuma," Wening ta ce. "Madalla. Saura gidan rediyo."

"Tsaya, tsaya! Ga wani ya ce a sa a firiza. Wai tawadar ba ta tafi ko'ina ba, ɓuya ta yi. Sanyi mai tsanani na dawo da ita."

"In ka sake taɓa takardar nan, Mas..."

"Me kuma ya rage da zai lalace?" in ji Tarsih.

Wening ta ƙyale shi. Aka ɗaga ledar naman kaza da ta ƙwallayen naman nan da ake kira bakso, aka shimfiɗa takardar a can ƙasan firiza, aka rufe. Ƙarfe uku da kwata. Suka koma baranda suna jira. Ruwa ya ɗan yayyafa ya ɗauke. Ayabar ta huce ba wanda ya taɓa. Duk minti biyar sai Gunarso ya miƙe zai je ya leƙa, Wening ta harare shi ya koma ya zauna.

Ƙarfe huɗu ita da kanta ta je ta buɗe. Ta share raɓar da ke kan ledar da tafin hannu, murna ta kama ta, domin ga tawada nan shuɗiya ta dawo. Sai da ta fito haske ta ga irin dawowar da ta yi.

Komai ya dawo. Ba na yau kaɗai ba, duk abin da aka taɓa rubutawa a takardar tun ranar da aka fara guga. Lahadi goma sha ɗaya a kan juna, da hannun mutum huɗu, tunda Gunarso cakuɗa takardun yake yi. Kowane gurbi ya cushe da lambobi har ya zama dunƙulen tawada. A wurin jimilla akwai wani abu da zai iya zama ɗari da sha huɗu, zai iya zama saba'in da takwas, zai iya zama gizo-gizo da aka take. Sa hannun ma ya faɗa kan wani zanen kyanwa da Tarsih ta yi wani mako da wasa ya gundure ta. Ga shi duk an rufe cikin leda, ba mai iya raba wani da wani.

"Ai ka gani, ta dawo," Gunarso ya ce da ƙaramar murya. "Ilimin dai gaskiya ne."

Wening ta dube shi har sai da ya ja da baya.

Koh Afung ya yi gyaran murya. "Malama, kawo farar takarda in rubuta cewa kin ci ni da maki uku. In sa hannu, su ma su sa."

"A'a, Koh."

"Ai gaskiya ce."

"Wasiƙar shaida ke nan, irin wadda ake ba yaron da ya ɓatar da sakamakonsa. Kai ka kafa dokar, ba za a karya ta don an ji tausayina ba." Ta duba agogo. Huɗu da minti goma. Zuciya ta riga ta ɗebe ta, kuma ta san ta ɗebe ta, amma ta kasa tsayawa. "Akwai lokaci. Mu sake, ni da kai. Mas, goge mana biyu."

"Ning, kin riga kin ci fa," Tarsih ta ce, wannan karon ba dariya. "Ki bar shi haka."

"Ke ba ke kika ce ni da mai kifi ɗaya ba?"

Gunarso ya ruga ya jona dutsen guga. Da ya dawo da takardu biyu masu ɗumi, ya tarar ta zaro jan bironta na makin jarrabawa daga jaka, ta ba tsohon baƙin biro.

"Kai, Ning! Wannan ba ya goguwa! Takardun za su mutu, saura biyu ke nan za a bari..."

"Su mutu."

Aka watsa ƙwayoyi. Tun jifa ta huɗu Wening ta san an yi ba a yi ba. Tana neman shida ana ba ta ɗaya da biyu. Ta yi gaggawa ta rubuta lamba a gurbin da bai kamata ba, ta kai yatsa za ta goge, ta tuna da wane biro take rubutu. Ta ɗago ta saci kallon Koh Afung, wani ɓangare na zuciyarta yana fatan ya ɗan sassauta, wani ɓangaren yana rantsuwa in ya sassauta ba za ta yafe masa ba. Bai sassauta ba. Ya yi wasansa a hankali kamar kullum, yana haɗa tsibiri da tsibiri, ko kallon agogo bai yi ba.

Ɗari da ashirin da bakwai. Ita kuma sittin da takwas, mafi munin makin da ta yi cikin shekara uku. Ɗari da ashirin da bakwai kuwa ba a taɓa rubuta irinsa a teburin ba, don haka doka ta hau: kowa ya sa hannu. Wening ta sa nata da jan biro, ta danna har ya kusa huda takardar.

Mota ta yi hon a waje.

Gunarso ya ɗauki jakar, Tarsih ta cusa wa tsohon ƙunshin ayaba a leda tana ce masa kada ya bari 'yarsa ta hana shi shan sukari. Wening ba ta tashi ba. Tana zaune da takardu biyu a gabanta, wadda ta ci ba ta karantuwa, wadda aka cinye ta kuwa ana iya karanta ta daga bakin titi. Haushin yayanta take ji, da na Tarsih, da na mutum ɗari biyun da ke waya, amma haushin kanta ya fi duka, don wannan wasa na biyun ba wanda ya sa ta.

Koh Afung ya dawo daga bakin ƙofa. Ya sa hannu ya ɗauki mai ledar, wadda har yanzu da sauran sanyi a jikinta.

"Wannan zan tafi da ita, in kin yarda."

"Me za ka yi da ita, Koh? Ba abin da ake gani."

"Ni ina gani."

"Kar ka bar ta a rana fa!" Gunarso ya ƙwalo daga wajen mota. "In ta yi zafi za ta sake gogewa, sai an mayar da ita firiza!"

"Mas, don girman Allah ka yi shiru!"

Tsohon ya zura takardar cikin aljihun gaban jakarsa, ya ja zif a hankali. Wening ta raka shi har mota. Sai da ya zauna, direba ya tayar da inji, sannan ta yi magana, kuma abin da ya fito ba shi ta yi niyyar faɗa ba.

"Yanzu ba wanda zai yarda."

Ya sauke gilashi. "Ɗari da sha huɗu da ɗari da sha ɗaya. Kin haɗa gabas a jifa ta sha tara, da biyar da uku, ni kuma ina jiran huɗu ba ta zo ba." Ya gyara tabarau. "Wanda ya ci shi ke buƙatar takarda, Malama. Wanda aka ci ba ya mantuwa. Yau da daddare ba zan yi barci ba saboda huɗun nan."

Motar ta ja. Wening ta tsaya a bakin titi tana kallon shaidarta guda ɗaya tana shan kwana wajen shagon mai gas, sai a lokacin ta gane ba ta ce masa ko sauka lafiya ba.